Na Saki Kalmarki Kafin Ki Sake Ta

Zuwa ga Goggona, Goggo Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da mutanen da kika sauka hannunsu, ko su wane ne. Ya gajiyar hanya? Ya ƙafa? Zainabu ce, ɗiyar marigayiya Asabe, wadda kika goya a unguwar Hindawiyya ta Makka tun ba ta san dama da hagu ba.

Na san ba kya karatun boko, waya kuma kin rantse ba za ki riƙe abin da ke magana ba a tambaye shi ba. Na sa takardar a shafina na intanet ne don ban san inda kike ba. Wata biyu ke nan da aka ɗora ki a jirgi aka mayar da ke Najeriya, ƙasar da rabonki da ita shekara talatin da wani abu. Wataƙila cikin masu bina a samu wanda zai gane ki, ya zauna kusa da ke ya karanta miki. In Allah ya sa haka, ki ce masa ya karanta har ƙarshe, kada ya tsallake ko layi ɗaya don tausayina.

Goggo, ni ce sanadi. Innalillahi! Ke da kika ƙi komawa gida bayan Hajjinki, kika jure ɓuya da rana da gudu, kika ce ba abin da kike nema sai ƙasar Makka ta rufe ki kusa da mijinki, ni da kika yi wa goyo ce na fitar da ke. Kuma ba da gaba ba, ba da faɗa ba. Da wasa.

Dole in fara daga farko, don masu karantawa ba su san ki ba.

Ba ki taɓa shiga aji ba, amma ban ga mai kunnenki ba. Kina zaune gaban shimfiɗarki a Jarwal, kan hanyar da alhazai ke gangarawa Harami, kina sayar da carbi da kwalli da lalle da soyayyar gyaɗa. Mutumin Indonesiya ya tsaya, na Pakistan ya tsaya, 'yan Legas su tsaya, kowa yana ciniki da guntun Turancin da ya samu. Ke kuwa sai ki cafe kalma ɗaya, ki ƙulle ta a bakin zane, ki kawo mana gida da yamma ta riga ta zama Bahaushiya.

Daga wurinki muka samu 'yan hamoci, wato masu taya komai ba su sayi komai ba. Ke kika raɗa wa Hajiya Kulu, maƙwabciyarki a wurin talla, suna Lasfarai, wato farashin ƙarshe, don ba a gama magana sai tata ta zama ta ƙarshe. Yau ko jikokinta haka suke kiranta a bayan idonta. Mai gyaran tankin ruwan gidanmu ya zama Alhaji Tumaro don kullum sai gobe, har ya rasu wasu ba su san sunansa na yanka ba. Turaren da aka kwaikwayi na asali kika ce masa semsem, daga baya tagwayen gidan Malam Isa ma suka zama Semsem, su biyun.

Kina cewa, "Turanci a Makka ba na uban kowa ba ne, ɗiyata. Wanda ya tsinta nashi ne."

Muna yara ba mu san ke ke ƙirƙirarsu ba. Wallahi na yi tsammanin haka ake Hausa a Sakkwato. Sai da na girma, na ce wa wata Hajiya 'yar Kano ta daina yi mini hamoci, ta tsaya tana kallona kamar na yi mata Indiyanci.

Waɗannan kalmomin nishaɗi ne, kowa na iya ɗauka. Amma akwai guda ɗaya kowace shekara da ba ta nishaɗi ba ce, kuma na san da haka tun ina ƙarama. Ku matan da ba ku da iƙama, takardar izinin zama, kuna talla inda aka hana talla, idonku ɗaya na kan ciniki ɗaya na kan titi. Kowace shimfiɗa da igiya a kusurwoyinta huɗu, ja ɗaya ta zama ƙunshi. Wadda ta fara hango motar masu kame sai ta ɗaga murya ta faɗi kalmar shekara, ta kusa da ita ta maimaita, kafin motar ta tsaya layin ya zama fili, sai tattabaru.

Ke ke ba da kalmar. Idan alhazai suka watse gari ya yi sauƙi, sai ki dafa tuwon shinkafa da miyar kuka, matan layin su taru a ɗakinki, a rufe ƙofa. Mu yara a kore mu kan matakala. Idan an buɗe, an riga an karɓi sabuwa, tsohuwar kuma kin sake ta. Ranar muke murna, don kalmar da aka saki ta zama tamu. Shekarar da kika saki Sitidan, wadda da ita ake nufin a tashi a gudu, mun yi wata guda muna faɗa wa juna ita duk lokacin da muka jiyo takalmin malamin allo.

Dokarki ɗaya ce, kuma kin sha faɗa kina nuna mu da muciya: "Kalmar da ke aiki ba a wasa da ita. Ku jira ta yi murabus."

Ta bara ita ce Walkamatu. Kin ji masu gadin otal suna tarbar baƙi da Turanci, kika ɗauko kalmar kika ɗaura mata zane, ta koma kamar sunan mace. Duk wanda ya ji ana ƙwala ta a titi zai ɗauka wata ce ke kiran ɗiyarta. Na sani ne don ranar da kika raba ta ina kicin ina kwashe miki tuwo, kika ce in toshe kunne, kika kuma faɗa da ƙarfi don in ji. Na yi dariya har na ƙona yatsa.

To daga nan sai ni. Kin san na samu aiki a Aziziyya, a teburin karɓar baƙi na wani gidan alhazai, na kuma koma can da zama. Ni mai takarda ce, an haife ni a nan, ban taɓa ɗaure shimfiɗa na gudu ba. Amma kullum a tsakiya nake, Goggo. Balarabe ya ji muryata ya ce takruniyya, wato baƙar Afirka. Bahaushen Najeriya ya ji Hausata ya ce ta sha Larabci. In na yi Turanci kuwa, 'yan boko daga Abuja su danne dariya su gyara mini. Abin yana ci mini rai, ban taɓa gaya miki ba.

Sai aka shiga wani yayi a waya. Mutane daga ƙasashe daban-daban suna fitowa suna nuna kalmomin Turancin da unguwarsu ta ƙirƙira, waɗanda ba a samu a littafi ba, ana ta yaba musu. Na kalla na ce, kai, waɗannan ai yara ne. Ina su ina Goggo Rabi? Wata rana bayan la'asar, ba baƙo ko ɗaya a gabana, na jingina wayata da kwalin shayi na fara zuba. Na kawo hamoci, na kawo Lasfarai ban faɗi mai sunan ba, na kawo Tumaro da semsem da Sitidan, kowace da labarinta.

Sai na ga ban da ta rufewa. A raina na lissafa: Hajji ya wuce, alhazai sun tafi, ai Goggo ta riga ta yi tuwonta ta raba sabuwa. Walkamatu ta yi murabus. Na gyara mayafi, na ƙwala ta yadda Hajiya Kulu ke yi, na kwaikwayi jan igiya da ɗaukar ƙunshi da ɗingishin gudu. Na bayyana ma'anarta tas, da Hausa, da Larabci, da Turanci, don kada wani ya rasa.

Ban tambaya ba. Daga Aziziyya zuwa Hindawiyya tasi ɗaya ce, amma wata huɗu ban taka matakalarki ba. Da na zo gaishe ki, da na tarar gwiwarki ta kumbura tun kafin Arfa. Da na ji cewa bana ba a yi tuwo ba, matan sun ce a bari sai kin samu sauƙi, a ci gaba da ta bara. Kalmar tana nan da ranta, tana tsaron mata fiye da ashirin, na ɗauke ta na watsa wa duniya.

Abin ya yaɗu yadda ban taɓa gani ba. Wayata ba ta huta ba. Mutanen da ke gyara mini Turanci suka dawo suna neman in ƙara musu. Wata ta rubuto daga Landan ta ce yanzu a gidansu in surukarta ta ƙwanƙwasa ƙofa Walkamatu suke cewa. Ni kuwa kaina ya kumbura, ina amsa kowa, ina cewa Goggona ce, Goggona ce. Astagfirullah, har sabon mayafi na saya don na gaba.

Abin da ban sani ba, samari marasa aikin yi sun gano layinku. Sai su zo a mota ko a ƙafa, ɗaya ya ƙwala kalmar, ɗaya yana ɗauka da waya. Ku ja igiya, ku watse, carbi ya zube, gyaɗa ta bi kwata, tsofaffi suna haki a lungu, su kuma suna dariya. Rana ɗaya sau uku, sau huɗu. Kwana goma sha ana haka, ni ina Aziziyya ina ƙirga masu yabo.

Hajiya Kulu ce ta zo ta same ni a wurin aiki. Ban taɓa ganinta ta hau tasi ita kaɗai ba. Ta tsaya gaban teburina ba sallama. Sannan ta gaya mini an kama ki tun shekaranjiya. Na ce wace Goggo? Ya Salam, haka na tambaye ta, kamar ina da wata.

Ta ce ranar, da hantsi, an riga an tayar da ku sau biyu a banza. Karo na biyu kin faɗi a kan gwiwar nan, sai da aka ɗaga ki. Kika koma kika baje kayanki, kika ce wa na kusa, "Ni na gama yi wa 'ya'yan mutane tsere." Ba a daɗe ba ta hango motar, ta gaske. Ta ƙwala kalmar. Ta sake ƙwalawa. Ta ce sau uku ta faɗa har muryarta ta dushe, wasu suka tashi, wasu suka tsaya waige suna neman mai waya. Ke ko kai ba ki ɗaga ba, kina jera kwalli. Ku biyar aka ɗauka.

Ina jin wannan na zauna a ƙasa, a bayan tebur, gaban baƙi. Ban yi kuka ba a lokacin. Na kasa ma gane abin da take faɗa, ina ta maimaita cewa ai kalmar ta yi murabus, ai ta yi murabus. Ta ce wa ya gaya mini? Ba kowa, ni kaɗai na yanke haka a raina.

Amma ba wannan ne ya fi kashe ni ba, Goggo. Na tambaye ta me ya sa ba wanda ya zo ya gaya mini tun ranar farko, in goge abin, in fito in roƙi mutane su bari. Ta ce sun so zuwa. Sun so su zo su yi mini wankin babban bargo a gaban masu gidan. Ke kika hana.

Ta ce tun kwana na biyu jikarta ta nuna miki a waya. Matan suka zagaye ki suna jiran ki tsine mini. Kika kalla har ƙarshe, kika ce a sake sa miki. Da aka zo wurin ɗingishin kika yi dariya har da hawaye, kika ce, "Ja'ira, haka nake gudu?" Sannan kika ce kada wadda ta je ta ɓata wa yarinya rai, yau ne karon farko da kika ga tana magana da kai a ɗage. Daga baya da abin ya yi yawa, kika ce su yi haƙuri zuwa Juma'a, za ki lallaɓa ki ɗora tukunya ki ba su sabuwa. Ranar Laraba aka ɗauke ki.

Kin sani ashe. Kwana goma sha kina gudu da kumburarriyar ƙafa saboda ni, kin sani, kuma ba ki aiko ko da kalma ɗaya ba. Haba Goggo! Ke da kike marina don na bar murfin tukunya a ƙasa? Me ya hana ki aiko a jawo ni da kunne? Wallahi ina jin haushinki a kan wannan, kuma ba ni da bakin jin haushin kowa.

Na goge bidiyon a ranar, amma me aka yi? Yana wayar mutanen da ban san adadinsu ba. Jiya ma wani ya turo mini shi, bai san ni ce ba, ya ce in kalla in sha dariya.

Na je inda ake tsare waɗanda za a mayar. Na je sau huɗu, da abinci da maganin shafawa da kayan sawa. Na farko aka ce ba ranar ganawa ba ce. Na biyu ba a samu sunanki ba, don ban san sunan da ke fasfonki na da ba, ni Goggo Rabi kawai na sani. Shekara talatin ina cin tuwonki ban taɓa tambayar sunan mahaifinki ba. Kafin in samo shi wurin wata tsohuwa a Jarwal in koma, aka ce kun tashi. An ɗauki hoton yatsunki, kuma kowa a nan ya san abin da wannan ke nufi ga mai shekarunki: ba sauran dawowa.

Huɗun da aka ɗauka tare da ke duk sun kira gida. Ɗaya ta ce ta gan ki a filin jirgin Kano kina zaune a kan benci, aka tambaye ki inda za ki, kika ce wajen Gwadabawa. Daga nan ba wanda ya sake ba ni labari. Wa ya rage miki a can? Kin ce mini 'yan'uwanki duk sun riga ki. Wa ke ɗebo miki ruwa? Kin iya kuɗinsu ma kuwa? In kika ce wa mai kanti ya daina yi miki semsem, wa zai gane ki?

Matan layin ba su zage ni ba, da ma sun zaga. Suna amsa gaisuwata a taƙaice su juya. Wasu sun daina fita talla gaba ɗaya. Waɗanda ke fita yanzu tafa hannu suke yi in sun hango motar, don ba wadda ta yarda ta zauna a gurbinki ta ƙirƙiro wata. Hajiya Kulu ta ce ta gwada, duk abin da ya zo bakinta sai ta ji ba gishiri.

Makon jiya mai gidan da kike haya ya ce a kwashe kayanki, ya samu mai shiga. Ni na je. Ban yarda kowa ya taya ni ba. Na naɗe tabarmarki, na wanke tukunyar, na raba ragowar carbi da lalle ga matan. Ban san kayanki ba su da yawa haka ba, kafin azahar na gama.

A ƙasan akwatin ƙarfen nan, ƙarƙashin zannuwanki na Sallah, na samu ƙunshi a cikin leda biyu. Na ɗauka ko takardun Baba ne, marigayi mijinki. Da na kwance sai na ga farin yadi, sabo, an ninke shi da kyau, da ɗan ƙullin turare a tsakiya. Na kira Hajiya Kulu ta hau. Tana gani ta dafe ƙirji. Ta ce likkafaninki ne. Ta ce tare kuka je kuka saya shekarar da Baba ya rasu, kika wanke shi da Zamzam, kika shanya a kan rufin gidan. Duk shekara sai kin fito da shi kin sake ninkewa don kada ya yi layi.

Kin shirya komai, Goggo. Kin shirya har yadin, saura ranar kawai. Kika tafi da zanen da ke jikinki da takalmin roba.

Yana nan a wurina. Na sa shi a saman kabad, na sauke, na sa a jaka, na fitar. Ban san yadda ake ajiye irin wannan ba. Ba zan iya mayar da ke Makka ba, na tambayi duk wanda ya kamata, kowa ya girgiza kai. Abin da ya rage a hannuna shi ne in kai miki wannan da kaina, in durƙusa in faɗa miki da bakina abin da na rubuta nan. Na karɓi hutu, fasfona yana hannu. Ban taɓa ganin Najeriya ba, amma in aka ce mini ga garin, gobe zan kama hanya.

Ba na roƙon ki yafe mini a takarda. Na san ki, za ki ce ba komai tun kafin mai karatun ya kai nan, kuma ba na son wannan ba komai ɗin. Ina so ki yi mini faɗan da kika hana su yi mini. Ki dai ce wa wanda ke kusa da ke ya rubuto sunan garin, shi ke nan.

Allah ya ba ki lafiya, ya sanyaya miki ƙafa. Allah ya haɗa ki da masu tausayi, waɗanda za su zauna su saurare ki. Allah ya rubuta miki ladan kowace shekara da kika yi a maƙwabtakar ɗakinsa, ya ba ki abin da kika zauna jira ko a ina ya ƙaddara miki. Ya Allah, ka ara mata kwana, kada a nemi wannan yadi kafin in iso da shi.

Taki har kullum, ko kin so ko kin ƙi,
Zainabu
Aziziyya, Makka